Jar Fitila a Motar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da makon da motar surukina ta shigo garejina har sau uku ba, kuma ko ni na so in manta, mutanen Maamobi ba za su bari ba.

Sana'ata gyaran wayoyin mota. Shekara tara na yi a hannun Masta Isaka a Nima, dattijon da kayan aikinsa ba su wuce tsohuwar mita da ƙwan gwaji da tocila ba. Da na samu 'yanci na buɗe nawa wurin, sai na sayi na'urar bincike, irin wadda ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari ta rubuto maka ciwon mota a allo. Daga nan kaina ya kumbura. A wurin mai shayi na riƙa cewa zamanin masu laluben waya da ƙwan fitila ya wuce. (Ba sau ɗaya na faɗa ba, kuma magana ba ta kwana a Zango ba ta kai kunnen mai ita ba.)

Surukina Alhaji Seidu, baban matata Ramatu, babban ɗan kasuwar albasa ne. Ya ba ni 'yarsa da zuciya ɗaya, amma motarsa ko kusa. Shekara da shekaru ba mai taɓa ta sai Masta Isaka, kuma abin yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa. Saboda haka ranar Litinin da na ga motar tana shigowa garejina, sai da na goge hannu a riga sau biyu. Daga baya na ji Ramatu ce ta yi ta roƙonsa ya gwada ni.

"Wannan jan wuta ya dame ni," in ji Alhaji, yana nuna fitilar jakar iska a dashbod. "Asabar zan tafi Bawku. Ba na so in hau dogon hanya da shi."

"Baba, ƙaramin abu ne. Kafin azahar an gama."

Na jona na'urata, ta nuna matsala a layin sansar kujerar direba. Ita wannan sansa 'yar mitsitsiya ce, tana manne a jikin ƙarfen da kujera ke zamewa a kai. Aikinta ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko direba yana dab da sitiyari ko yana nesa, don in an yi karo jakar iska ta san da wane ƙarfi za ta fito. Na'urar cewa ta yi "layi", wato sansar da wayoyinta da fuloginta gaba ɗaya. Ni kuwa idona kan sansar kawai ya tsaya, don ita ce abin da ake cirewa a sa sabo a burge mutane.

Na leƙa ƙarƙashin kujera. Kamar kowace motar Alhazan Zango, akwai darduma a naɗe da 'yar buta. Na ciro su da hannu biyu na ajiye a kujerar baya, na hau babur zuwa kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, na dawo da sansa, na ɗaura, na goge laifin daga ƙwaƙwalwa. Na tayar da mota, fitila ta mutu. Na kashe na sake tayarwa, shiru. Sai na naɗe dardumar Baba tsaf, na tura ta can ciki inda na same ta, har da dannawa don kada ta leƙo ta dame shi a ƙafa. Na miƙa masa makulli ina murmushin wanda ya ci jarrabawa.

Washegari da hantsi sai ga shi. "Ɗana, wutan ya dawo. Ban ma kai kasuwan Malam Atta ba."

Na ce ai sansar ce jabu. Na koma Abossey Okai na yi wa mai shagon tas a gaban abokan cinikinsa (bawan Allah, har yau ina kauce wa layinsa), ya canza mini wata. Na ciro darduma, na ɗaura, fitila ta mutu, na mayar da darduma. Laraba Alhaji ya sake dawowa. Wannan karon na gyara murya na ce ƙwaƙwalwar jakar iskar ce ta ƙone, sai an nemo wata daga Tema.

Alhaji ya dube ni. Bai ɗaga murya ba, wanda da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. "Shiga ka tuƙa," ya ce. "Mu je Nima."

Ban taɓa jin hanyar Maamobi zuwa Nima ta yi gajarta irin ta ranar ba. Mun tarar da Masta a kan bencinsa, kusa da shi abokan hirarsa uku, biyu daga cikinsu masu shan shayi ne a inda nake zuba bakina. Na durƙusa na gaishe shi.

"A'a, Injiniya!" ya ce da fara'a. "Yau kwamfuta ya zo gaishe da ƙwan fitila?"

Na ce, "Masta, a yi haƙuri."

Ya tambaye ni abin da na'ura ta ce, na faɗa, ya gyaɗa kai ya ce ta yi gaskiya. Sannan ya yi abin da ni ban yi ba: ya juya ga mai motar. Yaushe fitilar ta fara? Tana mutuwa wani lokaci? Alhaji ya yi tunani ya ce ranar Juma'a in ya fito masallaci yakan ga ta mutu, amma kafin ya kai gida ta dawo.

"In ka fito masallaci, dardumanka yana ina?"

"A kujeran gefe nake jefa shi. Sai na tsaya sayen abu nake mayarwa ƙasa."

Masta ya ce, "Yoo."

Dattijon da ya haura saba'in ya kwanta a kan kwali, rabin jikinsa cikin mota. Bai taɓa dardumar ba. Ya cire kan batir, ya jira, ya sa tsinin mita a wayoyin sansar, mita ta yi shiru. Ya zare dardumar a hankali, mita ta yi ƙara. Ya bi wayar da yatsa biyu, kaɗan-kaɗan, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, har ya tsaya dab da fulogi. A ido lafiyarta lau. Ya lanƙwasa ta, ƙarar ta ɗauke. Wallahi duk da halin da nake ciki sai da na ji daɗin kallon hannun nan. Shekara tara ina ganinsa yana wannan aiki, sai ranar na san abin da nake gani.

"Waya ya karye a cikin roba," ya ce. "In ba abin da ya taɓa shi, baki biyun suna haɗe. In an danna, su rabu. Injiniya, zo ka mayar da darduman yadda kake mayarwa in ka gama aiki."

Jama'a, me zan ce? Aka mayar da batir, aka tayar da mota, fitila a mace. Na durƙusa a gaban surukina da masu shayi, na naɗe darduma tsaf, na tura, na danna. Jar fitila ta kama nan take. Wato kwana uku ina gyara mota, ina gwadawa, sannan in lalata ta da hannuna cikin ladabi kafin in miƙa makulli. Ɗaya daga cikin masu shayin ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ni kuwa na rasa inda zan ajiye idona.

Masta ne ya tsayar da dariyar. "Ku bari. Na'uransa ne ya nuna mana layi. Ba don shi ba da na kwana biyu ina buɗe dashbod." Sai ya miƙo mini ƙarfen dalma. "Zo ka haɗa, hannunka ya fi nawa tsayuwa yanzu." Na haɗa wayar, na naɗe ta, na ɗaure ta sama inda ba abin da zai sake kai mata. Ya duba ya ce aiki ya yi kyau, da ƙarfi, yadda kowa zai ji. Mutumin da na yi shekara biyu ina yi wa ba'a ke nan. Wannan rufin asirin ya fi dariyar ƙona ni.

Na tuƙa Alhaji muka koma har ƙofar garejina. Ya karɓi makulli ya ce, "Ɗana, ladabi kana da shi paa. Aikin ne da saura."

Ya je Bawku ya dawo lafiya, fitila ba ta sake kamawa ba. Yanzu kafin in jona na'ura sai na zaunar da mai mota na yi masa tambayoyi har ya gaji, kuma duk abin da na ciro daga ƙarƙashin kujera ina yi masa kallon wanda ake tuhuma, ko da kuwa abin ibada ne. Ranar Asabar kuma nakan rufe gareji da wuri in tafi Nima. Ina da shekara talatin da takwas da 'ya'ya uku, kuma aikina a can riƙe wa Masta tocila, bakina a rufe.