Gidan da Kwamfuta Ta Auna Mani

Jiya na biya kuɗin mota daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma don a gaya mani ni matalauciya ce. Da a gida na tambaya, da kyauta zan ji.

Ku yi haƙuri da rubutuna, ajin yaƙi da jahilci kaɗai na yi. Mijina Malam Badaru, tela, ya rasu wata biyar ke nan, Allah ya jiƙansa. Ina fita takaba 'yan'uwansa suka sayar da gidan gado, mai saye ya ce in kwashe kayana kafin ruwan farko. Ni da 'ya'ya uku.

Abin da Badaru ya bar mani keken ɗinki ne da fom uku. Duk lokacin zaɓe, Mai Girma Sarkin Yanka Zare yakan zo wani fili a bayan gari da almakashi da makaɗa, ya ce za a gina wa talaka gida ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Duk zuwan, Badaru sai ya sayi fom. Ya je filin ya auna da ƙafarsa, ya dawo ya ce, "Rabi, ɗakinki ƙafa goma sha biyu ne, tagarsa na kallon gabas." A zuwa na uku, Allah ya saka wa Mai Girma, an gina ƙofar shiga. Ƙofa kam ta yi kyau, har da fenti. Shanu ma ba sa bi ta ciki, zagayawa suke, don girmamawa.

Da zan tafi ofishin masu gidajen a Dutsin-Ma, maƙwabciyata Yahanasu ta ce, "Ke Rabi, ofis za ki da wannan zanen? Ari mayafina, ba sa lissafi da mai kama da yunwa."

A ofishin na tarar da wani Malam Zubair, shi da kwamfuta da fanka. Na ajiye masa fom ukun. Ya ce, "Hajiya, waɗannan sun mutu."

Na ce, "Mai su ma ya mutu, ɗan nan. Duba mani na masu rai."

Ya ce sai an fara gano gidan da ƙarfina zai ɗauka. Nawa ne albashina? Na ce ƙuli-ƙuli nake yi da man gyaɗa, wata mai kyau in ga dubu arba'in. Ina da awaki huɗu, ɗaya na da ciki, da buhun gero biyu a Barkiya wajen yayana.

"Babu gurbin akuya a kwamfuta, Hajiya."

"To sa ta a gurbin albashi mana. Ta fi albashi cika alkawari, shekara biyu haihuwa uku."

Bai yi dariya ba. Ya ce kashi ɗaya cikin uku na abin da nake samu za a riƙa karɓa duk wata, har in kai shekara sittin. Shekaruna nawa? Na ce an haife ni shekarar da fari ya kashe shanun babana. Ya kalli fuskata ya rubuta hamsin da biyu. Wato saura shekara takwas in daina zama mutum.

Na ce, "Akwai kuɗin ruwa? Don limaminmu ya hana."

Ya ce a'a, nasu kuɗin hidima sunansa. Na tambayi nawa ne, ya faɗa. Wallahi kuɗin ruwan ne aka sa masa hula.

Ya danna, ya danna, ya ce bashin da zan iya ɗauka bai kai miliyan ɗaya ba, ƙaramin gidansu kuwa miliyan goma sha takwas. A cikin nawa ɗin kuma za a cire kuɗin sabon fom, da na lauya, da na awon fili, da na inshora, da na tantancewa.

Na ce, "Ni ban san miliyan ba. Faɗa mani da ƙafa, yadda maigidana ke yi."

Ya ɗauka wasa ne, amma ya danna. Ya ce, "Abin da ya saura zai saya maki kamar ƙafa shida a tsaye, uku a kwance."

Na san wannan awon. Shi aka yi wa Badaru wata biyar da suka wuce, kuma cikin awa ɗaya mutanen unguwa suka gama masa, ba fom, ba lauya, ba wanda ya tambayi shekarunsa. Na share idona da mayafin Yahanasu, na ce, "Wannan ai ina da shi, ɗan nan, yana nan yana jirana. Na kafin nan nake nema."

Yau da safe na sayar da awaki biyu. Yayana ya ba ni gefen rumbunsa a Barkiya, masu tubali za su fara jibi. Na auna ɗakin da ƙafata, goma sha biyu, na ce a fasa taga ta gabas.

Fom ukun kuwa na ƙunshe ƙuli-ƙuli a ciki na sayar. Takarda ce mai kyau, ba ta shan mai. In Mai Girma na da sarari ranar da za a ɗora rufi, ya zo da almakashinsa. Zaren ni zan saya.