Kwal Ɗin da Na Binne da Hannuna

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Duba Izinin Haƙar Kwal,
Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mai babban tebur, da tambayar lafiyar 'yan kwamiti da ta fankar ofis, ni ce Naomi Auta ta Kazage, malamar ajin Yaƙi da Jahilci na mata, kuma mai sana'ar gawayi tun ina bin uwata daji. Na karanta a jarida cewa kwamitinka yana nazarin ba Kamfanin Baƙar Albarka izinin haƙar kwal ɗin da aka gano a bakin dajinmu. Ina taya ƙasa murna. Ni na binne shi, a watan Janairu.

Na ɗaya. Ga yadda muke yi: a saro ƙirya, a jera a rami, a sa wuta, a rufe da ƙasa, a bar shi ya huce. Ramuka uku na rufe, na tafi Damari jinyar ƙanwata. Kafin in dawo, safiyon kamfani, mai awon ƙasa, ya iso da mota, ya haƙa taku biyu, ya ci karo da arzikin Arewa. An ce har hularsa ya jefa sama. Shin bai yi mamakin ganin kwal a jere ba, kowanne tsawonsa kamu ɗaya, da sawun gatari a gindi?

Na biyu. Rahotonsa ya ce mutanen gari sun tabbatar. Ba ƙarya. A gidan Mamuda maƙeri ya sauka, ya tashi da malmala biyu, sannan ya zaro dunƙule daga aljihu ya ce ko wannan ba kwal ba ne? Mamuda, wanda ya shekara ashirin yana zuga da gawayina, ya ce ai kuwa, ga shi nan baƙi ƙirin. Ranka ya daɗe, a nan ba a ƙaryata baƙo alhali miyar gida ba ta bushe a hannunsa ba. Da a bakin hanya ya yi tambayar, da ya ji gaskiya har da ƙari. Mu mata kuwa ba wanda ya tambaye mu, mu dai muka dafa.

Na uku. Na ji an aika da shi Ingila a jirgin ruwa, masana sun ce yana ci da kyau, ba hayaƙi. A isar mini da godiya. Shekara talatin ina wannan aiki, ba wanda ya taɓa yabona a rubuce. Littattafan da na karanta sun ce kwal yakan yi miliyoyin shekaru kafin ya nuna. Nawa kwana tara ne.

Na huɗu. Sanarwarku ta cewa mai ƙorafi ya kawo cikin kwana talatin an rubuta ta da Turanci, an kafa ta a jikin wata kuka mil biyu cikin daji. Birai sun gani, ba su da ƙorafi. Gara ta ci rabi. Da na samo takardar cikewa, na tarar an tambayi gidaje nawa ne a filin, kaburbura nawa, shanu nawa. Ina gurbin da mutum zai ce abin ba kwal ba ne? Na rubuta a gefe. Aka dawo mini da ita, wai na fita layi.

Na biyar, a nan raina ya fi ɓaci. An kewaye ramukana da waya, an sa maigadi, wani Usman, mutumin kirki, wanda ya hana ni shiga da sanda cikin ladabi. Kullum kuma da arzikin ƙasa yake gasa doya, ya riga ya ci rabin rami guda. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ruwa biyu in ya sauka, aikin ranina duka ya koma caɓi. Garemani da fartanyu sun taru a maƙera babu abin zuga, kwamitinka kuwa an ce sai Agusta zai zauna. Da me za mu yi huɗa? Da rahoto?

Saboda haka, cikin girmamawa, nake sanar da kai cewa Talata mai zuwa da hantsi zan ɗaga waya in shiga in kwashe gawayina. Na san wannan laifi ne, kuma ba ni son doka ta ji kunya. Ina roƙon a turo ɗan doka ya kama ni, amma a zaɓo ƙaƙƙarfa, ya taho da kwando. Tsakanin rami da maƙera akwai tafiya, kuma sai mun yi sawu goma kafin in sami sukunin zama fursuna.

Taka mai biyayya har zuwa safiyar Talata,

Naomi Auta,
Kazage, ƙasar Birnin Gwari,
2 ga Afrilu, 1964.