Farcen Hajiya a Jikin Taya

"...lafiya lau, mijin banza, sai sanyin garinku. Me kake yi a gareji tun da sassafe kamar maigadi?"

Hajiya Hannatu ce, kakar Fahad, wata biyu da zuwanta Fort Washington ta Amurka daga Kano, ta tsuke cikin rigar sanyi biyu ta ɗora bargo. Fahad na tsugune gaban tayoyi biyu da ya aro wurin abokinsa Elvis, sun kwana a garejin. Ran Asabar yana da tsere, kuma hankalinsa a tashe yake. Watan jiya motarsa ta sulale ta daki dakalin gefen fili, mahaifinsa ya rantse in aka kuma, shi da tsere har abada.

"Taya nake zaɓa, tsohuwa. Yau zan yi oda, in ba haka ba ba za su iso ba."

"Wai tseren nan zuwa wane gari ake yi?"

"Ba gari. Filin ajiye motoci ne, a jera robobi masu tsini, kowa ya bi tsakaninsu shi kaɗai ana duba agogo."

"Ka isa ina?"

"Inda na taso."

"Ka ƙona mai ka dawo inda ka taso? Akuyar ɗaure ma haka take yi, kuma ba ta sayen taya."

"Ke da motar da kika sani ita ce a-kori-kura, ina ke ina wannan magana?"

"A-kori-kurar ce ta kai ni asibiti na haifi ubanka. Wannan mai sulɓin fa, kamar kan kakanka?"

"Ita ce ta 'yan tsere, ta lokacin zafi. In ta ɗau zafi, manne wa kwalta take kamar ƙaro. Irinta ce a motata, ita zan kuma saya. Ɗayar ta kowane yanayi ce, ta masu kai yara makaranta."

"Minti nawa kake gudun?"

"Ko minti ɗaya ba ya cika."

"To yaushe ta ɗau zafin? Ka taɓa ganin an toya ƙosai a mai mai sanyi?"

Fahad ya sake duban tayar. Hajiya kuwa ta riga ta sunkuya. Shekara talatin tana sarin kabewa a kasuwar 'Yankaba, ba ta taɓa sayen abin da ba ta sa wa farce ba, ba kuma a Amurka za ta fara ba. Ta danna babban farcenta a jikin mai sulɓin, ta yamutsa fuska.

"Wannan ai ƙanzo ce! Ta kusa karya mini farce." Ta danna ɗayar. "Ka ga wannan ta karɓa. Zo ka sa naka, in kana da shi."

Ya danna ta farko, ya danna ta biyu, ya sake komawa ta farko.

"Ikon Allah. Elvis ya ce in sanyi ya yi ƙasa da digiri arba'in a ma'aunin nan ƙasar takan sandare, na ɗauka tsoro ne irin nasa."

"Ranar da ka daki dakali, akwai sanyi?"

"Har da ƙanƙara a gilashi."

"Wato ubanka na zagin hannunka, ashe takalmin ne. Silifas ɗina ma da ya kwana a baranda haka ya yi, saura kaɗan ya kai ni ƙasa."

"Amma Hajiya, a zo tsere da tayar kai yara makaranta? Dariya za a yi mini."

"Wadda aka yi maka a kan dakali fa, kuka ne?"

Fahad ya fashe da dariya, ya zaro waya ya yi odar ta kowane yanayin guda huɗu, ya nuna mata.

"Na sallama, amarya. Faɗi tukuicinki."

"Kujerar gaba, ran Asabar. Da wannan hular kwanon."

"Ke? Baba zai kashe ni!"

Ta ɗauki hular ta kifa a kan ɗankwalinta, muryarta ta fito daga ciki kamar daga tulu.

"In motar ta kuma sulalewa, ka ce ni na zaɓi tayar. Sai mu ga ko zai hana uwarsa tsere."