Kaset ɗin Alhaja Mulikat da Kwatar Layinmu

Ranar Talatar makon jiya na yi awa huɗu a layin mai, ɗauke da tankin janareta a kafaɗa. An hana sayar da mai a jarka, domin tsaron lafiyarmu in ji manya, shi ya sa muke kwance tanki mu rungumo shi kamar jariri. Janaretan ma ba nawa ba ne, na Nwabueze ne, mai gyaran kwamfuta a Sabon Gari. Abin da ya haɗa ni da tankinsa kuwa kwata ce.

Layinmu na Fagge ba shi da magudanar ruwa. Duk damina ruwa sai ya bi ta shagon Alhaja Mulikat mai atamfa ya gaishe ta, ya fita ta ƙofar baya. Bara har shadda ya jiƙa mata. A shekarar da sojoji suka koma bariki, wani bawan Allah, mu kira shi Garkuwan Talakawa, Allah ya ƙara masa kujera, ya tsaya a bakin shagon nan ya yi rantsuwa cewa kafin ruwan fari za a gina mana kwata. Shekara goma sha biyu ke nan. Yanzu yana neman kujera ta gaba, ya kira taron jin koken jama'a ranar Asabar. Da aka tuna wa mai riƙe masa jaka batun, sai ya ce Mai Girma bai taɓa furta haka ba, a kawo shaida.

Ashe Alhaja na da shaida. Ta buɗe akwatinta, ƙarƙashin leshin zuwa biki, ta zaro kaset ɗin bidiyo na ranar, wanda Lawal mai kamara ya ɗauka. Ta ce, "Malam, kai ne mai boko. A juye min wannan a kwamfuta, a haska masa a bango gaban mutane. Gani ya kori ji. Bana ruwa ba zai ci min kaya ina kallo ba."

Sai ga ni a Sabon Gari. Nwabueze haihuwar Kano ne, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya busa ƙurar kaset ɗin, ya duba zaren, ya ce, "Malam, wannan ya fara fumfuna. Sau ɗaya zai juya lafiya, na biyu sai addu'a." Ya ɗauko wani ɗan akwati mai wayoyi uku, ja da fari da rawaya, wanda ke zuƙo hoto daga bidiyo ya zuba a kwamfuta. Ya ce shekara goma yana aiki da shi bai taɓa ba shi kunya ba. Matsalar ita ce tsohuwar kwamfutarsa ta ƙone ranar da masu wuta suka tuna da unguwarsu da ƙarfi, kuma sabuwar da ya saya da sabuwar manhaja ta zo.

Ya jona akwatin. Kwamfuta ta yi tunani, ta ce ba ta san wannan na'ura ba. Na ce, "Injiniya, wannan ai na san muryarta. Haka sakataren ofis ya ce min lokacin da na je neman takardun mahaifina." Ya saka faifan da aka sayar masa tare da akwatin, mai ɗauke da bayanin da ke gabatar da na'ura ga kwamfuta. Ta tofar da shi, ta ce na zamanin da ne. Ya leƙa shafin kamfanin da ya ƙera akwatin, ya tarar sun rubuta da ladabi cewa sun daina kula da wannan samfuri, a sayi sabo. Ka ji mutanen kirki. Su aƙalla sun sanar.

Ya lallashe ta ta yi kamar tsohuwar manhaja ce. Muka gwada da wani kaset ɗin biki don kada mu taɓa na Alhaja. Hoto ya fito, babu murya. Ya sake taɓa wani wuri, murya ta fito, hoto ya koma kore shar kamar gonar alayyahu. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, janareta ya yi tari biyu ya mutu, ni kuma na ɗauki tanki.

Da na dawo, kafaɗa na zugi, na tarar ya samo mafita. Wani mutum a wata ƙasa, wanda ba mu san sunansa ba kuma ba ya neman ƙuri'ar kowa, ya rubuta wa irin wannan akwati sabon bayani ya ajiye kyauta. Amma kwamfuta ta ce ba ta karɓar takarda marar sa hannun hukuma. Nwabueze ya yi dariya, ya kashe ta, ya sake kunnawa yana danna wani maɓalli da sauri. "Na aiki mai gadin da ke duba sa hannun ya sayo goro," in ji shi. "Amma duk lokacin da aka kunna sai an sake aikensa." Na ce Allah ya kyauta, har na'ura ta koyi aikin gwamnati.

Alhaja ta iso da yamma a daidaita sahu. Aka saka kaset ɗinta, kowa ya riƙe numfashi. Hoto ya yi rawa, ya tsaya. Ga layinmu, ga rumfa, ga kwanan wata a kusurwa.

A nan ne muka tuna abin da duk muka sani muka manta. Lawal mai ɗaukar biki ne, kuma mai ɗaukar biki ya san wanda zai nemi kwafi: ba mai jawabi ba ne, wanda ya ga fuskarsa ne. Minti arba'in kamara na bin 'yan unguwa ɗaya bayan ɗaya. Ga mu cikin anko mai hoton Garkuwa a ƙirji. Ga ni, da sumata cikakkiya, ina tafi kamar an yi min bushara. Alkawarin yana nan, an ji shi raɗau: "Wallahi kafin ruwan fari za ku ga kwata!" Sai dai a daidai lokacin kamara na kan Alhaja, ta ɗaga hannu biyu tana rawa, ɗankwalinta ya kusa faɗuwa. Shi kansa Garkuwa bai bayyana ba sai bayan rantsuwar, siriri, yana murmushi.

"Injiniya, a yanke ni," in ji Alhaja.

"Alhaja, in na yanke ki na yanke alkawarin. A kan fuskarki aka yi shi."

Ta dubi sama inda hadari ya fara haɗuwa, ta ce, "To a bar ni. Ranar wanka ba a ɓoye cibi."

Asabar ta zo, aka haska a bangon zauren taro. Na zaci za a yi kunya. Kunya ai ta talaka ce. Garkuwa ya kalla har ƙarshe, ya share ido, ya ce bai taɓa ganin soyayya irin ta mutanen Fagge ba. Mai riƙe jakarsa, wanda ya ce a kawo shaida, shi ne ya fara tafi, ya nemi kwafi domin a kai wa kwamiti ya yi nazari. Alhaja ta ba shi da hannunta, tana ganin magana ta kai inda ake so.

Kwamiti ya yi aiki da saurin da ban taɓa gani ba. Kwana uku tsakani sai ga kaset ɗinmu a talabijin, tallar kamfen. An liƙa alamar jam'iyya a kan kwanan watan, murya na cewa kafin ruwan fari za ku ga kwata, Alhaja na rawa. Aikin da ya ci mana wuni guda da tankin mai, su sun same shi a wanke, ba su ma wahalar da bakin Mai Girma ya sake rantsuwa ba. Wa ya ce ba a tsimi a ƙasar nan?

Jiya aka yi ruwan fari. Na tarar da Alhaja ta naɗe zani zuwa gwiwa tana kwashe ruwa da bokiti, 'yan layi na wucewa suna yi mata kirarin tauraruwa. Ta miƙo min bokiti na biyu ta ce, "Malam, kai ma ai ka yi tafi."

Na karɓa. Nwabueze dai ya ce in gaya muku akwatin yana aiki sumul, duk mai tsohon alkawari a kaset ya kawo. Manya ma sun fara layi.