Yadda Za Ka Yi Fice a Musun Gem Ba Tare da Ka Taɓa Bugawa Ba

Idan a wurin aikinka akwai teburin da ake cin abincin rana ana musu a kan gem, kai kuma kana gefe kana tauna kai kaɗai, wannan darasi naka ne. Ina nufin gem ɗin nan da ake ba ka jarumi daga shi sai gajeren wando da sanda, ka yi ta yawo da shi gari-gari, ana aikensa, yana kashe dodanni, har ya yi ƙarfi ya ceci duniya. Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari za a ja maka kujera, a riƙa neman ra'ayinka, alhali ba ka taɓa latsa komai ba. An gwada su a kan wani mai kula da ɗakin ajiya a kamfanin sayar da firji, mutum mai kunya, wanda abokan aiki ke kira Sito. Da shi za mu yi misali.

Mataki na 1: Ka gane masu rigimar

Kowane tebur mutum biyu ne ke da shi, sauran 'yan kallo ne. A kamfanin su Sito akwai Akanta, wanda ya rantse gem ya mutu tun ranar da aka daina hura kaset da baki kafin ya kama. Akwai kuma Injiniya, mai cewa jaruman dā in ka kalli fuskarsu sai ka ɗauka tayil ne ya fashe. Tun ana musun ana dariya, har ta kai Akanta ba ya sa hannu a takardun Injiniya sai ya ja masa rai.

Sito sabon zuwa ne. A tsakanin kwalaye yake cin abincinsa, yana jiyo shewarsu ta bango, abin yana ci masa rai.

Mataki na 2: Ka koyi ajiyar zuciya

Kada ka yi gaggawar magana. Ka tsaya kusa da teburin kamar kana neman cokali. Da an ambaci wani gem, ka sauke numfashi, ka girgiza kai, ka ce, “Na farkon ya fi.” Wannan jimla ba ta taɓa faɗuwa ba, domin duk gem ɗin da ya isa a yi musu a kansa yana da na farko.

Da Sito ya faɗe ta, Akanta ya ajiye cokalinsa ya dube shi tun daga takalmi. “Malam, ina ka shige tun tuni? Zauna nan.”

Bincike ya nuna yawancin masana ba su fi ka sani ba, sun dai fi ka iya girgiza kai.

Mataki na 3: Kada a kama ka da suna

In aka ce wanne ka fi so, ka ce, “Wani ne mai dodo a ƙarshe, bai yaɗu sosai ba.” Duka suna da dodo a ƙarshe. Kuma kada ka manta da ɗaya ɓangaren, shi ma yana da haƙƙi a kanka. Sito ya juya wajen Injiniya ya ce, “Amma fa ruwan kogin sababbin nan, kamar ka sa baki ka sha.”

“Ka ji mai ido,” in ji Injiniya, ya turo masa lemonsa.

Mataki na 4: Ka samo wa kanka rashi

Ba a yarda da mai ra'ayin da bai taɓa kuka ba. Sito ya zaɓi doki. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ni tun da dokina ya faɗa daga gadar nan ban ƙara komawa daidai ba.” Sakatariya ta miƙo masa hankici, Akanta ya dafa kafaɗarsa.

Sai dai kada ka yi atisaye a gida. Matar Sito ta same shi a gaban madubi yana makokin, ta tsaya da tsintsiya a hannu.

“Baban yara, wane doki? Kai da ko keke sai ka ara.”

“Harkar ofis ce, ba za ki gane ba.”

“To Allah ya ba ofis haƙuri.”

Mataki na 5: In za a naɗa ka alƙali, ka gudu

Nan Sito ya yi sakaci. Manaja ya gaji da takardun da ke kwana a teburin Akanta, ya tara su ya ce, “Ranar Asabar ku zo gidana, kowa da na'urarsa. Sito ya buga tsohon ya buga sabon, abin da ya yanke shi ke nan. Wanda ya ƙara tada maganar, reshenmu na bayan gari yana neman mutum.”

Sito ya nemi dabara. Ya naɗe babban yatsan hannunsa da bandeji, ya isa gidan yana ɗingishi don ƙarin armashi. Dabarar ba laifi, amma kai ka fara bincika aikin matar Manaja. Wannan nas ce. Ta warware bandejin a gaban kowa, ta juya yatsan, ta ce ta daɗe ba ta ga mai lafiyarsa ba.

Mataki na 6: In an miƙo maka, ka yi abin da aka koya maka a gida

Sito ya karɓi abin latsawar ya riƙe shi a kife. Akanta ya gyaɗa kai ya ce haka tsofaffin hannu ke yi.

A tsohon gem, jarumi ya isa ƙofar wani gida, Sito ya tsayar da shi.

“Shiga mana,” in ji Manaja.

“Yallaɓai, ba a amsa sallama ba.”

Da ƙyar aka shigar da shi. Akanta ya nuna wani tulu a kusurwa. “Fasa shi, akwai magani a ciki.”

“Tulun mutane? Ga matar gidan nan tsaye tana kallona.”

A sabon gem kuwa, aka ce ya tsara fuskar jaruminsa. Ya yi ta jan hanci yana rage haɓa, har jarumin ya fito sak Manaja. Kowa ya mai da ido kan kofin shayinsa. Da aka shiga gari, sarki na kuka dodo zai ƙone duniya, ita kuma wata tsohuwa a bakin rijiya na cigiyar kazarta. Sito ya bar sarki ya bi kaza. Ya leƙa bayan kowace bukka, ya faɗa rami, kare ya kore shi, shayi ya huce a gabansa. Rana ta yi sanyi kafin ya gan ta a kan rufin maƙera. Da ya kai wa tsohuwar ta sa masa albarka, sai ya shafa fuska ya ce amin.

Manaja ya ce, “To, hukunci?”

“Yallaɓai, sai na yi nazari. A ara mini na'urorin.”

Mataki na 7: Kome za a yi, kada ka buga da gaske

Wannan shi ne matakin da Sito ya karya, kuma shi ya kai shi ƙasa. Ya kai na'urorin gida ya buga. Ya koyi riƙewa daidai, ya fasa tulu yana ba da haƙuri, ya samu doki na gaske ya raɗa masa suna. Matarsa da ke leƙe daga ƙofar kicin ta dawo hannun kujera, daga nan ta ce ya ba ta ta riƙe masa ya sha ruwa.

Ranar da ya koma da hukunci, kamfanin kaf ya hallara. Sito ya miƙe, karon farko yana da abin faɗa da ya sani.

“Gaskiya duk biyun da daɗi. Tsohon yana sa ka haƙuri, sabon yana sa ka yawo. Kowa ya buga wanda ransa ke so.”

Akanta ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya ga Injiniya. “Ashe bai san komai ba.”

“Ni tun ranar farko na gane,” in ji Injiniya.

Suka yi musabaha. Kafin a tashi aiki Akanta ya sa hannu a takardun duka, Manaja ya yaba wa Sito a gaban jama'a, kuma daga ranar ba wanda ya ƙara tambayarsa ra'ayi a kan ko da lemo.

Shi abin bai dame shi ba, yana da damuwar da ta fi wannan. Da an fita cin abinci sai ya lallaɓa bayan manyan firji ya kira gida.

“Maman yara, don Allah kada ki shiga kogon nan sai na dawo.”

“Ai har na fito. Dodon naku ba wani ƙarfi, girman jiki ne kawai. Kuma na sayar da dokinka na sayi sulke, ci ya yi masa yawa.”

Sanarwa

Mai wannan darasi ba shi da alhakin kujerar da aka janye, ko tulun da aka fasa, ko jarumin da ya yi kama da maigidanka a wurin aiki. Ba a dawo da doki. Wanda kuma matarsa ta riga shi ceton duniya, su je su sasanta a cikin gida, mu ba ma shiga tsakanin ma'aurata.