Kiɗan da Ba a Taɓa Ji Ba

Akwai wani mawaƙin biki a Kano, Tasi'u, irin masu shiga situdiyo su yi wa amarya waƙa da sunanta da na danginta kaf. Murya dai Allah ya ba shi, amma ƙirƙirar kiɗa sai a hankali. Dabararsa ita ce ba ya taɓa waƙoƙin Indiya na Hindi, don ya san ko tsohuwar da ke cikin lungu ta haddace su. Can kudancin Indiya yake lulawa, ya lalubo waƙa da harshen Malayalam, wadda yake da yaƙinin babu mahaluƙin da ya taɓa jin ta daga Kurna har Sheka, ya ɗora mata Hausa, ya ce ilhama ce.

To, sai Hajiya Tabawa ta tashi aurar da 'yarta ta fari, ta nemi Tasi'u ya yi mata waƙa. Sharaɗinta ɗaya ne: tana son kiɗan da ba a taɓa ji ba. Tasi'u ya bugi ƙirji, ya haɗa mata waƙa mai ratsa jiki. Ana saura kwana uku kamu, Hajiya ta je wani biki a Gwammaja, ta tarar ana cashewa da kiɗan nan sak, sunan amarya kawai aka canza. Tun a wurin ta kira shi ta wanke shi tas, ta ce in bai fito da gaskiyar magana ba, bikin sauran 'ya'yanta huɗu sai dai ya ji labari. Hankalin Tasi'u ya tashi ƙwarai, don gidan Hajiya ba gidan da mawaƙi zai so ya rasa ba ne.

Da ya bincika, ya gano wani mawaƙi Lurwanu ne ya yi ta Gwammaja. Bai yi wata-wata ba ya kai ƙara wurin shugaban ƙungiyar mawaƙa, Baba Na'iya, dattijon da ya sha kiɗan Indiya tun zamanin kaset. Aka zaunar da su biyun a benci ɗaya.

"Ranka ya daɗe," in ji Tasi'u, "sati biyu na yi ina fama da kiɗan nan, ko abinci ba na iya ci. Wannan bawan Allah ya laɓe ya kwashe mini gumina."

Baba Na'iya ya dubi Lurwanu. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ce, "Baba, ni ba zan ɓoye maka ba. Ban taɓa jin waƙarsa ba. A wani fim ɗin Indiya na ɗauko, na harshen Telugu, inda jarumin yake rawa a kan rufin jirgin ƙasa."

Tasi'u ya miƙe zumbur. "Ƙarya yake, Baba! Wallahi fim ɗin nan na Malayalam ne! Kuma ba a rufin jirgin aka fara ba, a tasha aka fara, sai a baiti na biyu suka hau!"

Sai a lokacin Tasi'u ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya koma ya zauna a hankali.

Baba Na'iya ya zaro waya daga aljihu, ya gyara tabarau, ya kunna waƙar da Malayalam. Ya sake kunna ta da Telugu, sannan Tamil, da Kannada, da Hindi. Kiɗa ɗaya, rawa ɗaya, jirgi ɗaya. Ashe haka Indiyawan suke yi, rana guda suke sakin waƙa da harsuna biyar don kowane yanki ya ji da nasa.

Tasi'u ya tuna da Hajiya da 'ya'yanta huɗu, ya ga dai ba zai tashi a tutar babu ba. Ya sassauta murya ya ce, "To Baba, ko ma dai yaya ne, a rubuta mini takarda in kai wa Hajiya cewa ni na riga shi."

Baba Na'iya ya mayar da waya aljihu, ya ce, "Wa ya san wanda ya riga? Ku dai matsa ku gyara zama a bencin nan. Harsuna biyar ne, ku biyu kaɗai kuka iso, sauran ukun suna hanya."