Gaisuwar da Ta Cinye Mana Gasa

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da aka naɗa ni shugabar 'yan zuga a makarantarmu, duk da na yi iya bakin ƙoƙarina in manta. Kada ka ji an ce zuga ka ɗauka masu haɗa faɗa ne. A sakandarenmu ta 'yan mata da ke yankin Gaya, 'yan zuga su ne masu jeruwa a gefen fili ranar wasannin gidaje, wato gasar da ake yi tsakanin gidajen kwanan ɗalibai, suna tafi da waƙa da guɗa, har sai mai gudun da numfashinta ya ƙare ta ji kunyar tsayawa.

Ni dai ban iya rawa ba, gara in faɗa tun yanzu. In aka ce a juya dama, a hagu za ka same ni ina ba mutane haƙuri. Abin da Allah ya ba ni baki ne. Babana ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma shi ake miƙa wa makirifo a duk wani taro. Tun ina firamare na san wa ake fara gaisarwa, wa ke biye masa, wane ne in ka tsallake sunansa zai shekara bai amsa sallamarka ba. (A gidanmu ko kaza ce ta shigo sai an san matsayinta.) Shi ya sa Malama Hajara, malamar wasanninmu, ta ce ni zan riƙa buɗe fage, sauran su yi aikin.

Mai aikin ta gaskiya Sa'a ce, 'yar ajinmu daga Gafasa ta ƙasar Ajingi. Siririya ce marar magana, in tana aji har mantawa ake yi da ita. Amma ita ta ƙirƙiro mana rawar bakace. Kowa da faifanta, a kaɗa shi kamar ana bakace hatsi, a cilla sama a tafa, a cafe, a juya a miƙa wa ta kusa, duk a kan bugun ƙwarya. Ita ce a tsakiya. In ta fara, sai ka rantse faifan nan jin maganarta yake yi.

Muna ajin ƙarshe aka zo da labarin gasar 'yan zuga ta makarantun sakandare. Za a fara daga shiyya, waɗanda suka ci su je matakin jiha a Kano, daga can a ɗauki masu zuwa ta ƙasa a Abuja. Malama ta nuna mana a wayarta yadda makarantun kudu ke yin nasu: gajerun siket, tuntayen leda a hannu, ana alkafura, ana hawa kafaɗar juna, ana cilla mutum sama kamar buhun da ba komai a ciki.

Wata a cikinmu ta ce, "Malama, ni in aka cilla ni haka ai sai dai a tsinto ni a Wudil."

Malama ta yi dariya ta ce, "Ba wanda ya ce ku yi irin nasu. Da hijabinku da dogon wandonku za ku je. Abin da ake dubawa haɗin kai da tsari da ƙarfin murya, kuma duk kuna da su."

A nan Gaya aka yi ta shiyya, makarantun Ajingi da Albasu duk suka zo. Na karɓi makirifo na fara daga wakilin hakimi, na gangaro kan dagatai, na bi ta kan shugaban ƙaramar hukuma da sakataren ilimi, kowa da kirarinsa, ban rage wa kowa ba. Malamin da aka ba riƙon lokaci ya ajiye wayarsa a cinya yana murmushi, bai danna komai ba sai da aka buga ƙwarya. (Shi ma yana cikin waɗanda zan gaisar, to saurin me yake yi?) Sa'a ta yi abin da ta saba, fili ya ɗauki sowa, muka zo na ɗaya. Ina jin wakilin hakimi yana tambaya, "Yarinyar nan 'yar gidan wa ce? Ta san mutane." Daga ranar kaina ya fi ƙarfin hijabina. Na manta faifan Sa'a ne ya ci, na ɗauka bakina ne.

Nasarar ce ta jawo matsala. Labari ya kai Gafasa, wurin Malam Iro mahaifin Sa'a, cewa 'yarsa tana rawa a gaban jama'a, shi kuma ya aiko da saƙo cewa ba inda za ta sake zuwa. Malama ta shiga mota da kanta, ta same shi a gona ana cirar gyaɗa. Da ta dawo ta maimaita mana abin da ya ce.

"Malama, ni ba na hana abin da ban gani ba, ba na kuma yarda da abin da ban gani ba. Zan je Kanon da ƙafata. In na ga abin mutunci ne, ko ina ne ta je."

Da yamma bayan atisaye, muna tattara faifai, Sa'a ta ce da ni, "Kin san Baba bai taɓa zuwa ko'ina saboda wani abu da na iya ba? Ban taɓa zuwa ta ɗaya a aji ba, ban taɓa karɓar kyauta ba. Wannan kaɗai na iya. Ni ko ba mu je Abuja ba, ya dai gan ni sau ɗaya."

Na daki ƙirji na ce, "Ki bar min komai." Ta kuwa bar min.

Ranar gasar jiha muka isa wani ƙaton ɗakin wasanni a Kano. An shimfiɗa shuɗin kafet a tsakiya, ga wani agogo mai jajayen lambobi a jikin bango. Mai sanarwa ya ce kowace makaranta 'yan mintoci ne da ita, kuma lokaci yana farawa da zarar an taka kafet. Da Turanci ya faɗa, ya maimaita da Hausa. Ba zan yi ƙaryar ban ji ba, na ji shi sarai. Sai dai a kaina gaisuwa ba ta shiga lissafi. Wa ya taɓa ƙirga gaisuwa a cikin aiki? In aka aike ki aron turmi, gaisuwar daban, aron daban. Na tabbata a raina cewa mai agogon nan ɗan halak ne, zai jira kamar yadda namu ya jira.

Makarantun cikin birni suka fara. Da gudu suke shigowa, kiɗa ya tashi a lasifika, a yi tsalle-tsalle, a ruga waje. Na taɓa ta kusa da ni na ce, "Ji marasa tarbiyya, ko sallama babu." Malama ta ji ni. Ta kamo hannuna ta ce, "Ki gajarta fa, nan ba Gaya ba ce." Na ce, "To, Malama." Kuma har ga Allah na yi niyyar gajartawa, don na yanke shawarar zubar da dagatai.

Aka kira mu. Muka taka kafet. Yadda muka tsara, 'yan mata za su durƙusa a bayana, faifai a ƙirji, kai a sunkuye, ba mai motsi sai na rangaɗa guɗa. Guɗata ce alamar tashi. Na karɓi makirifo, na ɗaga ido na ga teburin manyan baƙi. Tun da nake ban taɓa ganin manya masu yawan haka a wuri ɗaya ba, ga babbar riga, ga kwat, ga gwaggwaro. Na ji jinin gidanmu ya motsa.

Na yi sallama, aka amsa. Na gaida wakilin kwamishina da kirarin da ya dace da shi, aka tafa. Tafin nan shi ya ƙarasa ni. Na shiga daraktoci, na fito na faɗa alƙalan gasa, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da wata mata mai tabarau da ke ta duba bango. Na gaida shugabannin makarantu, na gaida iyaye mata, na gaida jami'an tsaro. Na hango mutane suna ɗaga hannu suna nuna wani abu a sama da kaina, na ɗauka jinjina suke yi min, na ƙara murya. Na ga Malama a gefe tana kaɗa hannuwa biyu kamar mai korar kaji daga shanya. Na ce a raina, lallai akwai wanda na manta. Sai na tuna ita ce ban gaisar ba, na kuwa gaishe ta.

A nan idona ya faɗa kan Malam Iro, can a saman benci, cikin wankakkiyar shuɗiyar riga, ya dafa sandarsa ya miƙo wuya yana neman 'yarsa a cikin masu durƙuso. Na ce ai wannan ba a wuce shi. Na kira sunansa, manomin gyaɗa na Gafasa, uban Sa'adatu, wanda ya baro gonarsa don ya ga 'yarsa. Ya ɗaga hannu, baki har kunne.

Daga bayana na ji muryar Sa'a ƙasa-ƙasa. "Ki yi guɗar. Don Allah ki yi guɗar."

Na ja numfashi, na kama hanci, na saki guɗa. Tare suka fita da ƙarar usur.

'Yan mata suka miƙe, aka buga ƙwarya, faifai suka tashi sama. Matar nan mai tabarau ta miƙe ta gicciya hannuwa. Mai sanarwa ya zo ya zare makirifon daga hannuna cikin ladabi, ya ce, "Lokacinku ya ƙare. Mun gode da gaisuwa." Ɗakin nan ya fashe da dariya, har manyan baƙin da na gama yi wa kirari. Na waiwaya na ga agogo, ba komai a kai sai sifili. Kowa ta cafe faifanta ban da Sa'a, wadda ba ta taɓa yar da shi ba ko a atisaye. Nata ya faɗi ya yi ta gangarawa har gaban teburin alƙalai, dole ta bi shi ta ɗauko, ana kallonta. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma kafet ne, ko tsagewar ba zai yi ba.

Malama ta je ta roƙa. Suka ce doka ɗaya ce ga kowa, kuma gaskiyarsu ne. Muka fito muka tsaya jikin bas ɗinmu, ba mai kallon wata. Sai ga Malam Iro yana tahowa da fara'arsa.

"Malama, na gani, kuma na gamsu," in ji shi. "'Ya'yan wasu sun shigo suna ta tsalle kamar fara, naku suka durƙusa suka gaida manya cikin natsuwa. In dai wannan ne, ta je Abujar, na amince." Ya juyo wurina. "Ke kuma 'yar nan, Allah ya yi miki albarka. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a lasifika ba."

Na ce amin. A duk ɗakin nan mutum ɗaya na burge, kuma shi ne wanda na fi cuta.

Malama ta ce, "Baba, ai ba su ma fara ba. Ku ɗan tsaya su yi muku a nan."

"A'a, kada a wahalar da yara, ai na gani. Gyaɗa na baro a ƙasa, gara in samu motar Ajingi da wuri." Ya ciro ƙullin ƙuli-ƙuli daga aljihu ya miƙa wa Sa'a. Ta durƙusa ta karɓa ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Baba." Ba ta yi kuka ba sai da ya sha kwana.

Na ba ta haƙuri a mota, na ba ta a makaranta. Kullum amsar ɗaya ce, "Ba komai," irin ba komai ɗin da gara a zage ka. 'Yan makaranta suka sa min suna Hajiya Gaisuwa, na amsa, don na cancanta. Muka sa rai a ranar wasannin gidaje za a gayyato Malam Iro ya ga abin da bai gani ba, amma kafin ranar ta zo ciwo ya kwantar da shi. Damina ba ta zagayo ba Allah ya yi masa rasuwa.

Na je Gafasa ta'aziyya. Ɗaki cike da mata, Sa'a tana can ƙurya a jingine da bango. Na durƙusa a gabanta, ni mai baki, ni da na san kirarin kowa, na nemi magana na rasa. Da ƙyar na ce, "Ya haƙuri?"

Ta ɗago jajayen idanu ta dube ni, ta ɗan murmusa. "Yau kuma kin gajarta."

Dariya ta ƙwace mana, kuka ya biyo bayanta, har wata tsohuwa ta tsawatar mana. Da muka lafa, Sa'a ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Kin san har ya rasu yana ba mutane labarin ranar nan? Cewa yake duk cikin yaran, 'yarsa ta fi kowa iya durƙuso."



Yanzu ni ma malama ce, kuma in taro ya tashi ni ake miƙa wa makirifo (gadon gida ne, ban san yadda zan yi da shi ba). Amma kafin in buɗe baki sai na waiwaya, in ga ko akwai wanda ke bayana yana jiran in gama kafin ya nuna abin da ya iya. In akwai, sallama kawai nake yi in matsa gefe. Manyan baƙi su yi haƙuri, ai sun san sunayensu.